Jan Layin da Ya Hau Gidan Malam Isiyaku

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaduna, gari bai gama wayewa ba, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka kwana ana yi. Mu uku ne a motar: ni, da abokin aikina mai awon ƙasa, da direbanmu, wani dattijo da ya ce tun titin Abuja yana hannu ɗaya yake bin sa. Suleja muka nufa. Masu bibiyar rubutuna sun san ba na son tafiyar gaggawa, amma wannan kiran mu aka yi, kuma muryar wanda ya yi kiran ba ta bar wurin jinkiri ba.

Ga wanda bai san aikina ba, taswirar intanet nake haɗawa, irin wadda mutum zai buɗe a wayarsa ya zuƙo har ya ga rufin gidansu. Abokin aikina shi ke shiga daji da na'ura ya auno wurare, ni kuma ina zaune a ofis in yi musu sutura. Irin wannan taswira hawa-hawa ce. Kamar a ce ka samu fallayen farar leda, ka zana gonaki a ɗaya, gidaje a ɗaya, hanyoyi a wata, sannan ka jera su bisa juna. Kowane falle muna ce masa leya. Ni ke zaɓa wa kowace leya launinta da kaurin layinta, da alamar da za ta tsaya a madadin rijiya ko masallaci, ni ce kuma ke yanke wacce za ta hau kan wacce.

Watannin baya wani kwamitin sulhu na wata unguwa a bayan Maje ya nemi mu zana musu tsohon burtalin da shanu ke bi zuwa rafi. Sababbin gidaje suna ta matse shi, ga damina, amfani na tsaye a gona. Idan burtali ya toshe, gona shanu za su faɗa, abin da ke biyo baya kuwa ba sai na faɗa ba. Kwamitin ya ce a sa burtalin ya fito sosai yadda ko mai raunin ido zai gan shi, don haka na ba shi ja mai kauri, na ɗora shi a saman komai. Inda dattawa suka yi saɓani kan ainihin wurin da ya bi, na sa layin ya zama mai tsinke-tsinke, kamar yadda aka saba a sana'armu. Aka tura taswirar a wayoyin mutane. Ba a jima ba mai unguwa ya kira ni.

"Hajiya, taswirar nan taku ta fi rigimar da muke da ita zafi. Don Allah ku zo."

Titin Kaduna zuwa Abuja, kamar kullum, ana kan gyaransa. Wani wurin ka hau sabuwar kwalta mai santsi har ka fara yabon ƙasa, sai kwatsam a karkatar da ku hannu ɗaya ku yi ta gaisawa da tirela fuska da fuska. Akwai kuma wuraren da hira ke mutuwa da kanta a cikin mota, kowa ya koma lazimi, sai an wuce a ci gaba daga inda aka tsaya kamar ba a yi komai ba. Abokin aikina ya kunna taswirar wayarsa don ya ga inda cunkoso yake, direba ya ce ya kashe. "Matar nan ta cikin waya ba ta taɓa canza taya a Rijana ba," in ji shi, "ba za ta koya mini hanya ba." Ban ga amfanin sanar da shi cewa ni ma dangin matar ce a sana'a ba.

A Jere muka tsaya karin kumallo wurin wani mai shayi. Biredin ya rage tsawo, kuɗinsa ya ƙaru, mai shayin kuma ya rantse ba shi da hannu a ko ɗaya. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Ciyawa ta yi tsawo, duwatsu baƙaƙe suka fara leƙowa ta bayan itatuwa, ruwa na gangarowa a jikinsu kamar an shafa mai. A Tafa tirela sun jeru hagu da dama har ba ka ganin gari, mata na bi tsakaninsu da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Na taya sabuwar doya, da na ji abin da aka faɗa na ajiye ta a hankali kamar jaririn wani. A mahaɗar Diko kuwa kunne ne ke shan aiki. 'Yan kamasho na kiran Minna da Bida da Lambata, wani na ciniki da Hausa, ana ba shi amsa da Turancin kasuwa, wata na zagin mai keke da yaren da ban sani ba amma na gane saƙon sarai.

Da hantsi muka shiga Suleja. Garin a wannan lokaci kamar gidan da maza suka fita aiki yake, domin rabin mutanensa tun duhu suka tsallaka Abuja, sai magariba za su dawo a gajiye. Na sauka wurin gwaggona a cikin tsohon gari, abokan tafiyata suka kama masauki. Gwaggo ta tarbe ni da sakwara da miyar agushi, ta tsaya a kaina har sai da na ci abin da ta ga ya isa. Da ta tambayi abin da ya kawo ni, na buɗe mata taswirar a waya. Ta sa tabarau, ta nisanta wayar, ta kusanto da ita.

"Kai, ya yi kyau kamar atamfa," ta ce. Sai ta ɗora yatsa a kan burtalin. "Wannan jan kuma fa? Rusau za a yi musu?"

Na ce a'a, hanyar shanu ce.

"To ai a ƙasar nan, 'yar nan, idan aka ga jan fenti a jikin gida magana ɗaya ce. Rabin 'yan hayata daga inda aka shafa musu shi suka taho."

A Kaduna, a ɗakin da nake aiki, ja launi ne da ke cewa a duba nan. A bakin Abuja kuwa, mutane sun ga abin da ke zuwa bayan ja da idonsu.

Bayan azahar muka nufi Maje. Tankokin mai sun yi layi a gefen titi, direbobinsu na kwance a ƙarƙashi suna shan inuwa. Muka saki kwalta muka bi jar hanya mai taɓo, tsakanin gonakin dawa da rogo da gidajen bulo marasa filasta. Wani wurin za ka ga gona ta yi kyau shar, a tsakiyarta kuma ga tushen gini an fitar, ƙarafa a tsaye suna jiran mai shi ya samu hali. Mai unguwa na jiran mu a gindin wani mangwaro, tare da Ardo, shugaban makiyayan wurin, dogon tsoho siriri mai malfa da sanda. Bayan gaisuwa na ce ina so in taka burtalin da ƙafata kafin a yi kowace magana, domin ban taɓa ganin sa ba sai a allon kwamfuta.

Farkonsa fili ne mai faɗi, ƙasar ta dake da sawun kofato. Muna tafiya yana tsukewa. Katanga ta matso daga nan, shingen kwano ya matso daga can, har muka zo inda Ardo ya ce in saniya mai manyan ƙaho ce sai ta karkata kai. Can gaba, kusa da rafi, ya tsaya ya ciro wata tsohuwar waya daga aljihu, wadda allonta ya tsage, ya nuna mini wurin da layin ya zama tsinke-tsinke.

"'Yata, na ga hanyar mota a haɗe take tun daga sama har ƙasa. Rafi ma a haɗe yake. Me ya sa tamu ce kaɗai aka yayyanka?"

Na ce, "Baba, ba yankawa ba ne. Alama ce ta cewa a nan ba a daidaita kan inda ta bi ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ke kin san haka. Mai sayar da fuloti kuwa, waɗannan ramukan da kika bari tsakani, su zai nuna wa mai saye."

Ban yi masa gardama ba. A makaranta an koya mana cewa layi mai tsinke-tsinke gaskiya ce, wato mai zane na cewa ba shi da tabbas. Ba a taɓa ce mana mu tambayi wanda rashin tabbas ɗin zai ci ba.

A hanyar dawowa mai unguwa ya ce akwai wanda ya kamata in gani. Sunansa Malam Isiyaku, malamin makaranta ne a gefen Abuja, kullum yana bin motar asuba. Shekaru ya yi yana gina gidansa bulo-bulo, sai bara suka tare. Muka same shi a ƙofar gida, mutum mai matsakaicin shekaru, idanunsa sun faɗa. Ya shigar da mu falo, matarsa ta miƙo zoɓo ta bayan labule. Bai ɓata lokaci ba ya nuna mini wani hoto da ke yawo a wayoyin unguwa. Wani ne ya buɗe taswirar tun daga nesa, bai zuƙo ba, ya ɗauki hoton allon wayarsa, ya yanke akwatin da ke bayyana ma'anar alamomi, ya tura. A hoton, jan layin ya kwanta a kan jerin gidaje, na Malam a tsakiya, ko kusurwarsa ba a gani.

Ga abin da ya faru. Kaurin layin da na zaɓa ba ya sauyawa, ko an zuƙo ko an ja baya. A kan allo bai wuce kaurin tsinken ashana ba. Amma idan aka ja baya har unguwa duka ta shiga tafin hannu, wannan tsinken ashanar yana rufe filin da gidaje da yawa za su zauna a kai.

"Tun da hoton nan ya fita ban yi barcin kirki ba," in ji Malam. "A masallaci ana nuna ni, wai ni na toshe burtali. Surukina ya bugo waya daga Zariya yana tambaya ko 'yarsa ta fara haɗa kaya. Shekaranjiya wani ya zo wai in sayar masa da gidan kafin a rushe, abin da ya taya ko kuɗin rufi bai kai ba. Wallahi Hajiya, saura kaɗan in amsa."

Na zuƙo masa taswirar, ya ga layin ya sauka daga kan rufinsa ya koma bayan gida. Ya daɗe yana kallo. Amma tun muna waje abokin aikina ya raɗa mini wani abu: ɗakunan gidan ba su taɓa burtali ba, sai dai katangar baya, inda Malam ya zagaye wani ɗan fili ya shuka kuɓewa ya ɗaure awaki, ta shiga ciki da taku kaɗan. Kuma daidai nan ne wurin ya fi tsukewa. Da mai unguwa ya fita amsa waya, Malam ya rage murya.

"Hajiya, ba za ki iya ɗan matsar da shi ba? Ko ki ɗora gidaje a sama su rufe shi a wurin?"

Zan iya. Ɗora leya ɗaya a saman wata bai fi ƙiftawar ido ba, kuma babu wanda zai gane. Na dubi falon, kujerun da ba a gama cire ledarsu ba, da jakunkunan makarantar yara a rataye a ƙusa. Na ce masa, "Malam, kayan jikin layin zan iya canzawa, launinsa da kaurinsa. Inda ya bi kuwa ba ni na sa shi a can ba, ba ni da ikon ɗaga shi. Kuma gara in faɗa maka yau: gobe idan na gyara, kowa zai ga gidanka ba ya ciki, amma kowa zai ga kusurwar katangar baya tana ciki."

Na zaci ya yi fushi. Daga baya ya ce, "Na gode da kika faɗa mini a ɗakina." Ya raka mu har mota.

Da yamma na zauna a tsakar gidan gwaggo da kwamfuta a cinya, 'yan haya na dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ledar burodi da fuskar wanda ya sha cunkoson Madalla. Na buɗe wurin da ake sauya launi da kauri, na daɗe ina kallo, sannan na rufe. Na ga idan na gyara ni kaɗai na kai musu da safe, za a ce an je an shirya da wani. Na yanke cewa ba zan taɓa komai ba sai a gabansu.

Washegari da hantsi aka taru a wani aji na makarantar firamaren unguwar. An rataya farin zanin gado a jikin allo, an aro majigi, janareta na kuka a bayan taga. Sabis ya ƙi shiga ajin, sai da abokin aikina ya tsaya a bakin taga hannunsa a sama riƙe da waya, kamar mai rantsuwa, har aka tashi. Manya sun matsu a kan bencin yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Makiyaya a gefe guda, manoma a gefe guda, masu sababbin gidaje a baya. Malam Isiyaku na can ƙarshe kusa da ƙofa.

Na fara da kashe leyoyin duka, zanin ya zama fari fat. Sannan na kunna su ɗaya-ɗaya: rafi, gonaki, gidaje, burtali. Na ɗora gidaje a sama, burtali ya ɓace a ƙarƙashinsu, gefen makiyaya ya ɗauki guna-guni. Na mayar da burtali sama, gidaje suka ɓace, na baya suka tashi tsaye. Na ce, "Kun gani, ban ƙara komai ba, ban rage komai ba. Ƙasar nan ɗaya ce. Jerin kawai na sauya." Ina jin a nan ne wasu suka fara yarda cewa abin da ke cikin wayarsu hannun mutum ne ya tsara shi, ba daga sama ya faɗo ba.

Sai aka zo kan launi, a nan kuwa aka sha dariya. Ja dai kowa ya ce a cire. Na gwada kore, manoma suka ce kore nasu ne, kada shanu su ga hanya koriya su ɗauka gayyata ce. Shuɗi na rafi ne. Na gwada ruwan ɗorawa, wani daga baya ya ce ya yi kama da tutar wata jam'iyya, ba da shi ba. Baƙi, aka ce kwalta. Ana cikin haka wata dattijuwa 'yar Gbagyi, wadda gonar rogonta ke bakin rafi, kowa na ce mata Mama, ta ɗaga hannu ta kama bakin ɗankwalinta mai ruwan makuba.

"Madam, sa irin wannan. Ba na gona ba ne, ba na ruwa ba ne, ba na gwamnati ba ne. Babu wanda zai ce nasa ne."

Na sa. Aka duba, aka duba, ba a samu mai ƙorafi ba. Ardo ya ce shanunsa ba su taɓa bin hanya mai kyau irin wannan ba.

Daga nan wasa ya ƙare. Na bayyana musu cewa zan daina zana burtalin a matsayin layi, zan shimfiɗa shi da ainihin faɗinsa na ƙasa, wanda kwamitin ya riga ya amince da shi tun kafin a fara awo, yadda idan an zuƙo zai buɗe, idan an ja baya zai tsuke tare da gidajen. Na mai da launin shara-shara, ana ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Gidaje kuma na cire musu cikon launi, na bar zanen katangunsu kawai. Da na danna, hoton ya ɗan tsaya saboda sabis, sannan ya fito.

Yawancin gidajen da tsohon layin ya haɗiye suka fito fili, a waje. Na ji wata mata a baya ta ce alhamdulillahi da ƙarfi. Amma abin da ke ciki ma ya fito, babu inda zai ɓuya: shingen kwano a wuri biyu, kusurwar katangar Malam Isiyaku, da wani tushen gini da ke zaune gaba ɗayansa a tsakiyar hanya, daura da katangar. Mai tushen ginin, wani matashi da ke aikin walda a Abuja, ya miƙe tsaye. Ya ce shi da takardarsa, saya ya yi, ba sata ba, a je a nemo wanda ya sayar masa. Gaskiya ya faɗa, kuma babu launin da zan sa da zai taimake shi. Ya fice, mai unguwa ya tura mutum biyu su bi shi.

Ana cikin hayaniya Malam Isiyaku ya tashi. Sai da mai unguwa ya buga benci aka saurara.

"Jama'a, kun ga gidana ba ya kan burtali, ina so wanda ya faɗa a masallaci ya ji. Katangar baya kuwa tana ciki, na gani kamar yadda kuka gani. Da na yi ta ban auna ba, na ga fili ne na ja. Zan rushe kusurwar da hannuna, in mayar da ita baya. Ba sai an shafa mini komai ba."

Ardo ya juyo ya dube shi. Ya ce, "Malam, ka bari ka cire kuɓewarka tukuna. Har ta ƙare za mu riƙa wucewa da su ɗaya-ɗaya, ni zan tsaya a wurin da kaina."

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya sauka a ajin ba. Ba tafi aka yi ba, ba kabbara ba. Mutane dai suka gyara zama, kamar an buɗe taga.

Wurin tsinke-tsinken ne ya fi cin lokaci, kuma ba a gama shi ba. Ardo na cewa burtalin ta gabas da wata tsamiya ya bi, Mama na cewa tun tana yarinya ta yamma yake bi, gabas gonar ubanta ce. Ardo na son layi a haɗe, Mama ba ta son a haɗe shi a kan rogonta. A ƙarshe na zana duka biyun, kowanne siriri kuma a haɗe, launi ɗaya, na rubuta a tsakaninsu da manyan baƙaƙe: ANA KAN MAGANA, KADA A YI GINI. Na sa rubutun a jikin taswirar kanta, yadda ko an ɗauki hoton allo an yanke gefe, zai tafi tare da shi. Ba wanda ya samu abin da yake so, amma dukansu sun yarda dattawan ɓangarorin za su taka wurin tare bayan an cire amfani. Maganar mai walda kuwa aka ce kwamiti zai zauna da wanda ya sayar masa. Har muka taho ban ji an same shi ba.

Kafin mu kama hanyar gida direba ya dage sai mun leƙa Lambata, wai zunubi ne mutum ya zo nan ya koma ba doya. Hanyar ta girgiza mu yadda ya kamata, amma doyar ta fi ta Tafa sauƙi, ga manja da gari da busasshen kifi. Wata mai doya ta ce in ƙara kaɗan ta ba ni wadda ta fi girma, na ƙara, ta ba ni wadda na riga na zaɓa. Muka juyo ta Diko muka miƙe arewa, hadari na bin mu a baya bai cim mana ba sai a Kakau. Muka shiga Kaduna ana kiran magariba, cikin ruwa, lafiya lau.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan ba sabon ilimi ba ne, duk maɓallan da na danna a ajin nan na san su tun da daɗewa. Abin da ban taɓa yi ba shi ne danna su ina kallon fuskar mutumin da gidansa ke ƙarƙashin layin. A ofis, zaɓen launi da kauri shi ne aikin ƙarshe, wanda ake yi ana shan shayi bayan an gama abin da muke ɗauka shi ne ainihin aiki. A Maje na ga cewa yawancin mutane ba awon suke gani ba, suturar suke gani, da ita kuma suke yanke hukunci kan maƙwabcinsu. Yanzu kafin in saki kowace taswira sai na ja ta baya har ƙarshe, na ɗauki hoton allo, na yanke bayanin gefe, na tambayi kaina abin da wanda bai san ni ba zai fahimta.

Bayan 'yan makonni Malam Isiyaku ya turo mini hoto. Kusurwar katangar ta tafi, an jera bulon a gefe, sabon layin gini ya koma baya. A cikin faɗin da aka samu ga shanu nan suna wucewa bibbiyu. A ƙasan hoton ya rubuta: "Hajiya, kuɓewa ta ƙare. A zo a sake aunawa, don ba na so a gyara taswirar da maganar bakina."